Sanda a Bayan Labule

Shekarar da ruwan sama ya gangaro daga duwatsu ya cika Harami, har masu ɗawafi suka riƙa ratsa shi iya ƙirji, ita ce shekarar da na yi abin da zan ba da labari. Kada a tambaye ni lambarta. Mu ba da lamba muke riƙe shekara ba, da abin da ya auku a cikinta muke riƙewa. Na dai san na riga na yi azumi cikakke sau ɗaya, kuma Inna ta daina barina in leƙa waje ba lulluɓi, don haka ba zan wuce sha biyu ko sha uku ba.

A Tandabawi muke, cikin wani lungu a gindin dutse wanda ko jaki sai ya karkace yake shiga. Iyayenmu sun zo sauke farali daga ƙasar Kano, wasunsu a ƙasa ta Sudan, shekara biyu ko uku a hanya, da suka iso sai ƙafa ta ƙi komawa. Ba su da takardar zama, mu da aka haifa a nan ma ba mu da ita. Abin da kunnena ya fara sani a duniya shi ne ƙarar garwa da asuba, lokacin da mazan lungunmu ke saukowa da sanda a kafaɗa, garwa biyu na lilo, za su ɗebo ruwa a bazan, famfon unguwa, su kai gidajen Larabawa. Bayan su sai turmi. Bayan turmi sai kukan tantabaru. Kiran sallar Harami kuwa ba ya neman taimakon kowa, tasowa yake yi ya hau dutse ya same ka a kan tabarmarka. Aikina kafin hantsi shi ne shara, da wanke kofunan shayin Baba, da ƙulla soyayyar gyaɗa a takarda wadda Inna ke sayarwa. Yanzu in na tsaya a wajen ba na gane inda ƙofarmu take. An baje lungun, an kafa benaye masu gilashi, ruwa ta bango yake zuwa, kuma babu wanda ya san ƙarar tafiyar maƙwabcinsa.

Abin da aka shayar da mu tare da nono shi ne zargi. Inna takan ce: "In baƙo ya tsaya, ki dubi takalminsa kafin fuskarsa. In baƙi ne mai sheƙi, ba ki san gidan kowa ba, ko da namu ya tambaya." Muna tsoron 'yan jawazat masu kamen marasa takarda, muna tsoron wanda ya cika tambaya, muna tsoron wanda ya cika kirki ba dalili. Ba na ganin laifin iyayenmu, da haka suka tsare mu. Sai dai ni abin ya kama ni fiye da kowa. In aka ba ni tuwo a gidan da ban saba ba, sai na ga wani ya fara kai loma.

A lokacin hukuma ta riga ta buɗe makarantun mata, amma sai mai takarda. 'Yan uwanmu Hausawa da kakanninsu suka daɗe a garin, waɗanda suka zama 'yan ƙasa, mukan ga 'ya'yansu da safe da jaka a hannu suna Larabci ta hanci, mu kuma muna bakin lungu da tsintsiya. Mazanmu sun fi mu sauƙi. Suna da Malam a cikin lungu, wanda ya ɗan yi ƙoƙari kuma yakan gangara Harami ya zauna a gefen wata halƙa ta masu karatu, ba mai tambayarsa takarda. Mu mata da farko wurin wata Hajiya aka kai mu. Shekara uku muka yi a tsakar gidanta, mun ɓare mata gyaɗa ta fi buhu nawa, mun tsince shinkafa, mun yi raino, amma ba wadda ta wuce gajerun surori. Sai iyayenmu maza suka zauna bayan wata Juma'a suka yanke magana. Ba su ce waccan Hajiyar ce ba ta iya ba. Cewa suka yi mace ba ta karantar da mace, aikatau kawai take sa ta. Suka je suka roƙi Malam ya karɓe mu.

Malam ya karɓa, da sharaɗi. Ya ce mun fara girma, bai dace ya zauna ido da ido da mu ba, kuma bai dace ya yawaita magana da mu ba. Aka raba ɗakinsa na sama da wani labule mai kauri, na buhunan da aka ɗinke aka rina. Mu goma sha ɗaya a wannan gefe, shi a wancan. Da hantsi zai yi gyaran murya, ya biya wa kowacce ƙarinta sau biyu, ya ce, "Ku maimaita, ina ji." Daga nan ba a ƙara jin bakinsa. Sanda ce ke magana. In kin karanta daidai, shiru. In kin kauce, sai ki ji ƙwas a kan katakon ƙasa, ki koma baya. In sanda ta buga sau uku ba ki gano inda kika faɗi ba, sai ki tura allonki ta ƙarƙashin labule, ya dawo da ɗigon jar tawada a kan kalmar, da ɗan rubutun ajami a gefe: ja nan, ko tsaya nan, ko kina haɗiye harafi. A gefen allon nan na koyi ajami, ba wanda ya zaunar da ni. Iyayenmu kuwa abin ya yi musu daɗi ƙwarai. Baba yakan ce wa baƙi, "Malaminsu saboda tsantseni ko muryarsa ba ya sake musu."

Sandar nan ba ta da tausayi kuma ba ta gyangyaɗi. Mu sha ɗaya muna karatu lokaci ɗaya, ɗaki ya cika da amo kamar gidan zuma, amma in ke ce kika kauce, bugun daidai gabanki yake sauka. Cikin shekara biyu na hau izu ashirin. Yayana da ke gefen maza, wanda ya riga ni farawa da shekara huɗu, na kamo shi na wuce. Ba wanda ya tsaya ya tambayi dalili, ni ma ban tambaya ba, sai da ruwan nan ya zo.

Ruwan ya shiga ɗakin Malam na ƙasa ya jiƙa Alƙur'aninsa. Irin namu ne na gida, rubutun hannu, warwararrun takardu a cikin gafaka ta fata. Mu aka sa muka hau rufi muka shanya shi falle-falle, kowane falle da ɗan dutse a kai don iska. Kwana tara yana can. Kowa a lungun ya san Malam ba mahaddaci ba ne, da takarda a gaba yake karantarwa, shi da kansa ba ya ɓoyewa. A kwanakin nan ma bai biya mana ƙari ba, cewa ya yi mu yi tilawar baya. Amma sanda ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Na zauna ina karatu, raina yana kan rufi: takardar da nake karantawa ga ta can a ƙarƙashin dutse, ni na ɗora mata shi da hannuna. To da me ake kama ni?

Daga ranar na fara sa ido. Na ɗauki allon yayana na jera da nawa. Haruffan da ke nasa manya ne, a kishingiɗe, alƙalami na tafiya da sauri. Na gefen nawa ƙanana ne, a tsaye, kowane harafi a zaune kamar an dasa shi. Na kai allona hanci. Can wajen mariƙi, ƙarƙashin warin tawada, akwai wani ɗan ƙamshi na man gyaɗa da ya sha wuta.

"Inna," na ce, muna ƙulla gyaɗa, "Malam hannu biyu gare shi?"

"Kowa ma hannu biyu gare shi."

"Na rubutu nake nufi."

Ba ta ɗago ba. "Kina samun karatu ko ba kya samu?"

"Ina samu."

"To riƙe bakinki, ki miƙo mini takarda."

Wannan amsa ba ta kwantar mini da rai ba, ƙara mini wuta ta yi. Na san muryar da Inna ke yi wa mai baƙin takalmi, ita ce ta yi mini.

A ƙofar gidan Malam akwai yayarsa, wadda muke kira Iya Mai Waina. Mijinta ya rasu a hanya kafin su ƙetare teku, ba ta sake aure ba, ba ta da ɗa. Da asuba take kafa tanda a bakin ƙofa, masu garwa su saya su wuce. Ba ta da yawan magana, in kin ba ta kuɗi ta zuba miki ta kau da kai. A idona tsohuwa ce tukuf, alhali da na yi lissafi daga baya ba ta kai arba'in ba. Da hantsi takan kife tandarta ta shige ciki. Da hantsi kuma muke fara karatu. Shekara biyu ina ganin wannan kullum ban haɗa su ba.

Ranar da abin ya faru, tawadarmu ta bushe, aka aike ni ƙasa in ɗebo ruwa. Tulun gidan ba komai, sai na fita lungu. Ina kaiwa kwana na hango Malam. Yana tafe da wasu alhazai biyar da suka rage bayan aikin Hajji, zai kai su wurin muɗawwifi, jagoran alhazai, wanda yake yi wa tafinta. Na gan shi sarai, da rawaninsa da ɗingishinsa. Na juya a guje na hau bene. Ina shiga, wata ƙawata ta kauce a karatu, sai na ji ƙwas.

Ina so in faɗi gaskiyar abin da ya zo mini a rai, domin na daɗe ina yi masa kwalliya. Ba son gaskiya ba ne. Baƙin ciki ne. Na ce a raina an cuce mu, an ba maza malami, mu an haɗa mu da ko wace ce. Maganar da iyayenmu suka yanke bayan Juma'ar nan, ashe ta shige ni ban sani ba. Izu ashirin ɗin da ke kaina bai zo mini a rai ba ko kaɗan. Na ajiye kofin ruwa, na taka tsakanin alluna, na kama labulen da hannu biyu na ja.

Tana zaune a kan buzun Malam, ta yi alwala, hannun rigarta bai gama bushewa ba. Idonta a rufe. Babu takarda a gabanta, ko falle ɗaya. Sanda a hannun dama, ƙaramar kwalbar jar tawada a gefen gwiwa. Ta buɗe ido ta dube ni, ba fushi, ba tsoro, irin kallon da take yi wa mai sayen waina.

"Sake shi," ta ce. "Akwai masu karatu."

Ban sake ba. Na fita ko allona ban ɗauka ba.

Da a cikin ɗaki na sami Baba, wataƙila da labarin ya mutu a nan. Amma la'asar na jira, lokacin da yake zaune a ƙofar gida da abokansa huɗu, butar shayi a kan gawayi. Na tsaya a bakin zaure na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Baba, ba Malam ke karantar da mu ba. Iya Mai Waina ce. Na gani da idona."

Baba ya sa ido a cikin kofinsa kamar wani abu ya faɗa ciki. Ya daɗe a haka. Sai wani maƙwabcinmu mai wankin kaya, wanda 'ya'yansa biyu ke tare da mu, ya ce, "Me yarinyar nan ta ce, Alhaji?"

"Ka ji ta ai," in ji Baba.

"Mai waina? To gobe sai mu kai mazan wurin mai ƙosai, a gama da su gaba ɗaya."

Aka yi dariya, amma gajeriya. Wani ya ce amana ce aka ci. Wani ya ce in labari ya kai unguwar Mansur, inda 'yan uwanmu Hausawa ke da yawa, wa zai nemi 'ya'yanmu da sunan sun yi karatu? Baba ya juyo ya dube ni, ya ce, "Shiga ciki." Na ɗauka zai yaba mini. Kwana uku bai yi mini magana ba, ni kuma na ce a raina baƙin cikin cutar da aka yi masa ne.

Sun je sun sami Malam. Ban san abin da aka faɗa ba. Na dai san an gyara labule, an yi masa ƙulli a bango, kuma daga ranar Malam da kansa yake zama, yana yin tari jifa-jifa don mu tabbata shi ne. Ba mugun mutum ba ne, Allah Ya jiƙansa. Amma ya riga ya gaji kafin ya hau benen nan, hankalinsa rabi yana wurin maza, rabi yana wurin alhazai. Sanda ta yi sanyi. Sai ki karanta shafi guda ba ki ji komai ba, a ƙarshe a ce, "To madalla, wanke." Wata rana muka ji minshari. Muka dubi juna, ba wadda ta yi dariya, sai dukansu suka juyo suka dube ni. A haka na yi sauran izu arba'in ɗin, cikin sauri, ba tuntuɓe, aka yi mini walimar sauka, aka yanka rago, aka kira sunan Malam aka sa masa albarka. Iya ce ta toya wainar walimar. Na karɓa daga hannunta ban ɗaga ido ba.

In na dubi makarantun jikokina na yanzu, raina ba ya kwanciya duka. Gini mai kyau, sanyi na busowa, kowace yarinya da bugaggen Alƙur'ani a jaka, ƙarshen shekara a ba ta takardar shaida mai zanen zinariya. Amma nakan tambaye su, wa ke sauraronku? Sai su ce malama tana kunna musu ƙira'a a waya su bi. Sai in ce, in kin kauce fa? Sai su dubi juna. 'Yan uwansu maza kuwa akwai dattijon da ke zaunar da su ɗaya bayan ɗaya, gwiwa da gwiwa. Ban ce ko'ina haka yake ba, na ji ana yabon wasu malamai mata ƙwarai. Amma ni ba na yarda da makarantar 'ya mace don fentinta. Sai na ji yarinyar ta karanta, na ga ko akwai alamar an taɓa tsayar da ita. Wanda bai taɓa tsayar da ke ba, bai saurare ki ba.

Da na yi aure muka koma Mansur, a saman wani shagon mai ɗinki. Marasa takarda ba su ƙare ba, kowace shekara ana ƙaruwa, 'ya'yansu mata suna zaune a ɗaka. Sai na fara tara su. Zamani ya ɗan sauya, an yarda mace ta karantar, amma fa sai an ji daga inda ta ɗauko. Duk uban da ya kawo 'yarsa zai tsaya a ƙasan matakala ya ce, "Malama, wurin wa kika yi karatu?" Sai in kira sunan Malam na Tandabawi. Sai ya ce, "Allah Ya jiƙan maza," ya bar yarinyar. Shekara talatin da wani abu ina cin abinci da sunan nan. Nakan ce wa kaina ai ba ƙarya na yi ba, a hannunsa na sauke.

Wanda ya tsinka wannan zaren wani matashi ne, uban ɗaya daga cikin yarana, wanda ya daɗe a halƙoƙin Harami. Ya zo da ladabinsa ya tsaya a ƙasan matakala.

"Malama, in ba za ki ji haushi ba. Ina sauraron yarinyar nan a gida. Izu ashirin na farko da ta ɗauka wurinki, ko a gaban shehinmu ba zan ji kunya ba. Amma daga nan zuwa sama akwai ramuka. Kamar mutum biyu ne suka karantar da ke."

Na fara da zarginsa, kamar yadda na saba. Na ce a raina wani ne ya turo shi, ko yana so ya buɗe tasa makarantar. Na ce, "A wace sura ramukan suka fara?" Ya faɗa. Na riƙe ƙarfen matakala. Surar da ke kan allona ce ranar da na bar shi a ɗakin nan.

Neman Iya ya ɗauke ni wata huɗu. Malam ya daɗe da rasuwa, mutanen lungunmu sun watse tun da aka fara rusau. A wurin wata gaisuwar mutuwa na ji cewa tana raye, tana unguwar Shisha, wurin ɗan Malam da ya sami takarda yake aikin asibiti. Na hau tasi bayan la'asar. Bene na uku. Wata budurwa ta buɗe mini, ta yi mini maraba da Larabci, Hausarta ba ta wuce "sannu" ba, ta kai ni wani ɗaki a ƙarshe. Iya tana kan gado, ta ƙanƙance, idanun sun yi fari.

"Wa ke nan?"

"Iya, ni ce. 'Yar mai gyaɗa, ta lungun bazan."

Ta juyo da fuskarta wajen muryata.

"Mai jan labule."

"Ni ce."

"Kin yi ƙiba, daga numfashinki na ji. Zauna. Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Iya."

"To me kike so? Mutanen lungunmu ba sa hawa bene uku a banza."

Na durƙusa a gaban gadon na ce na zo neman gafara. Ta kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda.

"Wannan na yafe tun kafin ki yi aure. Ba don ke ba. Ina jin kunyar in tsaya gaban Ubangiji ana yi mini shari'a da yarinya a kan buhu." Ta gyara zama. "Ke kina ganin asiri kika tona? Babanki ya sani. Mai wanki ma ya sani, shi ya fi kowa, matarsa ce ta ɗinka labulen. Sun san ƙanena tun yana yaro, sun san iyakarsa. Mahaifinmu yana biya masa, ni ina tankaɗe a gefe, ni na riƙe, shi ya sami rawani. Duk wanda ya taso daga garinmu ya san haka. Amma muddin buhun nan yana rataye, ba wanda zai ce musu mace ce ke karantar da 'ya'yansu. Sai kika je kika faɗa a gaban butar shayi."

Har yau ban san ko duka gaskiya ne ba. Baba ya tafi, ba wanda zan tambaya. Wani lokaci nakan ce tsufa ne ya sa ta shirya labarin yadda zai yi mata daɗi. Amma in na tuna yadda ya sa ido a cikin kofin nan, sai in kasa ƙaryata ta.

Na gaya mata maganar matashin nan, da sunan da nake kira shekara da shekaru. Na ce ina so daga yau in riƙa kiran nata.

"Kin san shi?"

Na buɗe baki. Iya Mai Waina. Shi ke nan abin da na sani.

"Kin gani," ta ce. "Kuma ba zan ba ki shi ki liƙa a kan karatun da ban ji ba. Na san ashirin ɗina. Sauran ban san abin da kuka dafa ke da ƙanena ba, kada a je a ce ni ce. Kina da alwala?"

"Ina da ita."

"To fara."

Shekara ɗaya da rabi ina hawa benen nan, Alhamis da Juma'a, ni da furfurata da ciwon gwiwata. Ba ta rage mini komai ba. Akwai ranar da muka yini a kan layi uku. Takan ce, "Wannan ba harafi ba ne, tari ne," ko ta ce, "Ina za ki da gudu, jirgi zai tashi?" Budurwar gidan takan tsaya a bakin ƙofa tana dariya, ganin kaka tana tsawata wa kaka. Duk abin da aka gyara mini ranar Juma'a, ranar Asabar sai in tara yarana in ce abin da na koya muku a nan kuskure ne, mu koma. Ranar da na kai ƙarshe, ta sa hannu a kaina ta yi addu'a mai tsawo, sannan ta ce, "Rakiya. Rakiya 'yar Malam Idi. Amma ba mata za ki gaya wa ba, su ai ba su taɓa musu ba. Iyayen yaran maza."

An yi walimar saukar yara uku a makarantata bayan wata guda. Maza suka cika tabarmi a ƙofar shagon mai ɗinki. Da aka zo sa albarka, limamin unguwa ya ɗaga murya ya tambayi sunan malamin Malama, kamar yadda aka saba, ko da yake ya san amsar da nake bayarwa. Na sauko har tsakiyar matakala da lulluɓina. Na ce Malam na Tandabawi ya biya mini, Allah Ya saka masa, amma wadda ta karantar da ni farko da ƙarshe yayarsa ce, Malama Rakiya, wadda tsofaffin cikinku suka sani da tandar waina. Na ce a wurinta na ɗauka, ita kuma a wurin mahaifinta. Na ji wani yana tambayar na kusa da shi, "Wai mai waina ta ce?" Liman ya yi gyaran murya, ya kira sunan kamar yadda na faɗa, aka shafa.

Ranar Asabar yara biyu ba su zo ba. Aka aiko a karɓi allunansu.

Alhamis na hau benen Shisha. Ban gama sallama ba ta ce, "Kin faɗa?"

"Na faɗa, Iya."

"A gaban maza?"

"A gaban liman ma."

"Nawa aka ɗauke?"

"Biyu."

"Biyu kacal?" Ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Ni sha ɗaya aka ɗauke mini rana guda. An yi miki rangwame." Ta laluba har ta sami hannuna, ta riƙe shi ɗan lokaci, ta sake. "Shi ke nan. Yanzu ba ki riƙe mini komai ba, ni ma ban riƙe miki ba. Zuba mana shayin nan kafin ya huce."